Shatin Hannu a Bayan Dije

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya saukar da cuta ya saukar da magani. Ni ba malama ba ce, ban taɓa zama a aji ba. Jinya ce ta koya mini abin da zan faɗa, kuma ba na son wata ta koye shi ta hanyar da na bi. Ku masu goyon fari, da ku nake.

Ni 'yar Bebeji ce, sunana Asabe. Aure ne ya kai ni wani ƙauye a gindin duwatsu, can gaba da Tudun Wada ta hanyar Doguwa, tun Turawa na ƙasar nan, 'yan shekaru kafin su tattara komatsansu. Uwata ta rasu ina ƙarama, ƙauyen kuwa ba ni da kowa a cikinsa. Maigidana mutumin kirki ne, sai dai da kaka ta kama yakan wuce Riruwai haƙar kuza, ba a sake ganin ƙeyarsa sai an ga hadarin farko. Gidan sai ya rage mu uku: ni, da mahaifiyarsa da muke kira Iya, da 'yata ta fari, Dije, tana da shekara ɗaya da wata bakwai.

Yau ina faɗin sunanta baki buɗe, amma a lokacin, haba! Ba a jin sunan ɗan fari a bakin uwa. "Yarinyar nan" nake cewa. Ba na ɗaukarta a gaban mutane, nono ma sai na shige ɗaki. In ta faɗi ta fasa baki sai in kau da kai in ci gaba da tankaɗe, zuciyata na tafasa. Wadda ta fi iya kau da kai ita ake yabo, ni kuwa na iya. Marainiya a garin wasu ba ta da wani jari da ya wuce a ce tana da kunya.

Duk abin da ya shafi Dije a hannun Iya yake, kuma wallahi ba zan yi mata ƙarya ba, tana son yarinyar kamar ranta. Sana'ar Iya man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Da damina gyaɗa kan yi wuya sai ta ajiye sana'ar, mu koma miya da man kaɗanya. Da an tumɓuke sabuwar gyaɗa kuwa gidan ya dinga ƙanshin suya ke nan har bazara.

Juma'ar farko da aka shigo da sabuwar gyaɗa, Iya ta dama kunu mai kauri, ta ɗora Dije a cinya ta ba ta. Ba a jima ba yarinya ta fara susa. Na saci kallo na ga wuyanta da cikinta sun yi rudu-rudu, ja-ja, kamar wadda aka zane da tsumagiya. Iya ta ce kuɗin cizo ne, ta harare ni ta ce wasu matan ko shimfiɗarsu ba sa iya kakkaɓewa. Na fitar da tabarma da katifar rimi na shanya, na zuba wa ƙafafun gado tafasasshen ruwa. Gari na wayewa jiki ya koma sumul, kamar ba a yi ba. Na ce alhamdu lillahi, ashe laifina ne.

Mako na biyu abin ya dawo sau uku, har fatar idonta ta kumbura. Wata da ta shigo sayen mai ta gani, ta fita da sauri ko man ba ta karɓa ba. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa agana ta shiga gidanmu. A zamanin nan in aka ambaci agana ko ɗan'uwanka gudunka yake, domin ta kashe yara ba kaɗan ba, waɗanda ta bari kuma ta ɓata musu fuska. Ƙafa ta ɗauke daga gidan ɗif. In na je rijiya sai matan su ja gugansu gefe su ba ni wuri, ba don girmamawa ba. Na kan tsaya in ja ruwa ni kaɗai, ina jin hirarsu ta tsaya har sai na ɗauki tuluna.

Mutum ɗaya ce ta shigo, Gwaggo Yalwa ungozoma, wadda ta yanke wa Dije cibi. Allah ya jiƙanta da rahama. Ta juya yarinya gaba da baya ta ce, "Agana ba ta zuwa da hantsi ta tafi da magariba. Ba ita ba ce, ba kuma ƙyanda ba ce, ga jiki ba zazzaɓi." Ta ce a dafa ganyen sabara a yi mata wanka. Aka yi. Iya ta karɓo rubutu wajen malamin unguwa, aka ba ta ta sha, aka shafa. Kazar da na zo da ita daga Bebeji ita aka kai sadaka. Kwana biyu lafiya, rana ta uku ga shi nan ya dawo.

A mako na uku Iya ta ce a tafi wajen masu magani na Turawa. Akwai wani ɗakin shan magani can wajen Tudun Wada, tafiyar yini da rabi. Aka aro jaki, Iya ta hau da Dije a goye, ni ina biye a ƙasa da ƙullin guzuri. Fura ce guzurinmu, sai nono da nake ba yarinyar a bayan bishiya in mun tsaya hutawa. Muka kwana a gidan wata 'yar'uwar Iya, da sassafe muka kama layi.

Kai, layin nan! Masu gyambo, masu tari, masu ciwon ido, duk a gindin bishiya ɗaya, ƙudaje na shawagi. Tun hantsi muke zaune har inuwa ta bar mu ta koma wancan gefen. Da aka zo kanmu, Iya ta kwance goyo ta tuɓe yarinya, sai ga jiki fes, ko ɗigon ƙurji babu. Dije har dariya take wa malamin asibitin. Iya ta rasa inda za ta sa kanta don kunya, ta shiga rantse-rantse cewa shekaranjiya jikin nan ba ya kalluwa.

Malamin asibitin wani siriri ne mai gajeren wando. Bai daɗe a kanmu ba, ko shan ruwa ya fi shi daɗewa, kuma har yau ina jin haushin haka bayan irin tafiyar da muka sha. Amma maganar da ya yi ta zauna mini. Ya ce, "Borin jini ne. Ciwon da ke zuwa ya tafi da kansa, akwai abin da ke kiransa. Wani jikin ba ya shiri da wani abinci, ko da abincin lafiyayye ne. Wa ke ganin abin da take ci?"

Iya ta ce, "Ni ce."

Ya ɗaga kai ya dubi bayanta, inda nake tsaye na rufe rabin fuska da mayafi. Ya ce, "To, a riƙa lura." Ya ba mu wani magani a kwalba kamar damammiyar farar ƙasa, a shafa in ƙaiƙayi ya tashi. Ya kira na gaba.

A hanya Iya ta yi ta mita. Wai abinci! Ita da ta raini 'ya'ya shida da abincin nan, yau wani mai gajeren wando zai koya mata ciyar da yaro. Ni dai ina bayan jaki ina ta juya abu ɗaya a raina: kwana uku muna hanya, ba a dafa komai a tukunyar gidanmu ba, kuma ko sau ɗaya yarinyar ba ta sosa jiki ba.

Da muka dawo na samo ƙoƙuna biyu na tura ƙarƙashin gado. Ban iya rubutu ba, amma na iya tsintar ƙwaya. Duk abin da na ga an ba ta sai in ɗebi alamarsa in ƙulle a bakin zane: ƙwayar gero in koko ne, dawa in tuwo ne, wake, ɓawon gyaɗa. In rana ta faɗi lafiya, in juye a ƙoƙon dama. In jiki ya tashi, in juye a na hagu. Ba wanda na gaya wa, wa ma zan gaya wa? Da ƙoƙunan nan nake shawara kamar mutane. Kafin mako na huɗu ya ƙare, gero da dawa da wake suna ko'ina, dama da hagu. Ɓawon gyaɗa kuwa ko ɗaya babu a dama.

Ban yarda da ƙoƙo ba sai da na gani da idona. Ranar jajibirin kasuwa Iya na tsakar gida tana matsar mai, hannunta dumu-dumu da tunkuza. Dije ta yi tuntuɓe da bakin turmi ta faɗi, ba riga a jikinta. Iya ta sure ta, ta dafa bayanta tana lallashi, sannan ta miƙo mini ta ce in ba ta nono. Na shiga ɗaki. Tana cikin sha ta fara mutsu-mutsu, na juya ta. Inna lillahi! Ga shatin hannu a bayanta, tafi da yatsu biyar, ya taso ja wur, daidai inda Iya ta dafa.

Na san man ne, amma wa zai yarda man ne? Shekara guda kafin nan an kori wata tsohuwa daga ƙauyen da jifa, wai mayya ce, a kan abin da bai kai wannan ba. In wata ta leƙo ta ga hannun Iya a jikin yarinya, an gama da Iya. In kuma ni na buɗe baki na ce hannunki ne, kununki ne, sana'arki ce, to na zama surukar da ta yi wa uwar mijinta ƙazafi, kuma a kan 'yar fari. Na shafa farin maganin nan, na rufe ta da zane, na zauna da ita har shatin ya baje.

Na gwada bi ta gefe. Washegari na durƙusa na ce, "Iya, ko a dama kunun tsamiya yau? Na ga kamar an fi shan sa."

Ta ce, "Wa ya fi shan sa?"

Na sunkuyar da kai, domin amsar sunan 'yar fari ce.

Ta ce, "Ji mini yarinya! Dubi yadda ciwo ya zuge ta, gyaɗa ce za ta mayar mata da jiki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na ba wani mai kai gishiri Riruwai saƙo wajen maigidana, cewa yarinya ba lafiya, ina son magana da shi. Amsa ta dawo bayan kwana shida: yana gaishe mu, a yi duk abin da Iya ta ce.

Mako na biyar shi ne wanda ba na son tunawa. Iya ta kira wanzami ya fitar da mugun jini. Na san ba jini ba ne. Na sani sarai, ƙoƙunan suna ƙarƙashin gadon da nake zaune a kai. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Gwaggo Yalwa ta riƙe ƙafafu, Iya ta riƙe hannuwa, wanzami ya yi mata tsaga a gadon baya ya kafa ƙaho. Dije na ihu tana kiran "Nna, Nna," ni ina ɗaki na cusa bakin zane a baki na cije. Da aka gama na ji wanzamin na cewa, "Kai, Iya, kin yi dacen suruka. Ko leƙowa ba ta yi ba." Aka ba shi zakara ya tafi. Ban taɓa jin yabon da ya ƙona ni kamar wannan ba.

Tsaga ba ta hana komai ba, sai aka juyo kaina. Tsofaffi suka ce nonona ne ya ɓaci. Aka sa na tatsa a ƙoƙo, aka jefa tururuwa uku a ciki: in sun fita nono lafiya, in sun mutu ya ɓaci. Biyu suka fita, ɗaya ta nutse. Wannan ɗayar ita ta yanke mini hukunci. Iya ta ce ranar Juma'a za a yaye yarinya, ta koma ɗakinta da kwana, kuma kunun gyaɗa za a ɗora ta a kai safe da yamma har ta manta da nono. Wato abu ɗaya da ba ya cutar da ita za a cire, a bar ta da wanda ke cutarwa.

Kwana uku ina da su, kuma na kashe su ina shirya magana a zuci. In na fito da niyyar faɗa, da na ga fuskar Iya sai in ce, "Sannu da aiki," in wuce.

Juma'a da hantsi mata suka taru, don tsoron agana ya riga ya wuce. Aka ba Dije rubutun yaye ta sha. Ni aka ce in shiga ɗaki kada ta gan ni. Iya ta dama kunun da ya fi na kullum kauri, ina jin ƙanshinsa daga inda nake. Na ji ƙarar ludayi a kwano. Na ji an ce, "Yauwa, 'yar albarka, ƙara." Ludayi na ɗaya na yi shiru. Na biyu ma na yi shiru, Allah ya yafe mini. Sai na ji tari, wani irin tari busasshe da ban taɓa ji ba, bayansa kuma numfashi na fita da ƙyar yana ƙara kamar kukan 'yar kyanwa. Wata ta ce, "Ƙwarewa ta yi, ba ta ta haɗiye da wani."

Ban san lokacin da na fito ba. Na ji dai muryata ta cika gidan: "Dije! Dije!" Na doke ludayin daga hannun Iya, kunu ya watsu a zanenta, na fizge 'yata. Leɓunanta sun kumbura suntum, idanu sun rufe, wuya duk ya tashi. Na ce, "Gyaɗar ce! Wallahi gyaɗar ce ke kashe ta! Ku bar mini 'yata!"

Iya ta miƙe a hankali ta ce, "Asabe, ni kike cewa na ba jikata guba?"

Ba ni da lokacinta. Na zauna a ƙasa a gaban kowa, na jingina Dije a ƙirjina a zaune, ina kiran sunanta ina kiran sunan Allah. Gwaggo Yalwa ce kaɗai ta matso, tana yayyafa mata ruwa tana fifita. Ta yi amai sau biyu. Ba magani a hannunmu, ba mota, masu magani suna tafiyar yini da rabi. Ban yi wata dabara ba, kada wata ta ce Asabe ta yi kaza ta yi kaza. Allah ne ya bar mini ita. Wajen azahar ƙarar nan ta ragu, ta buɗe ido ɗaya, ta lalubi nono. Na ba ta a nan tsakar gida, mata na kallo.

Ku da kuke da asibiti a kusa yanzu, in kun ga leɓe ya kumbura ko numfashi ya canza, kada ku tsaya dafa sabara, ku ruga. Kuma in kun lura da abu, ku faɗa tun yana ƙaiƙayi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ni na bar nawa mako biyu, kuma ba ni na biya ba.

Bayan ranar nan na ga kaɗaici na gaske. Na sayi sabuwar tukunya da sabon ludayi, ina yi wa Dije girki daban da man kaɗanya. Ranar suya in goya ta in tafi bakin rafi mu yini. A rijiya ana nuna ni da baki: ga marar kunyar nan da ke kiran 'yar fari kamar mai kiran akuya, ga wadda ta watsa wa uwar miji kunu. Iya kuwa ta daina yi mini magana. In na gaishe ta sai ta ɗaga kai kawai. Ba ta sake taɓa Dije ba, ko yarinyar ta nufo ta da gudu sai ta janye hannuwanta ta ɓoye a zane. Na ɗauka fushi ne. Mu uku a gida ɗaya, ba mai magana sai ƙaramar cikinmu.

Amma jiki ya lafa. Mako ɗaya, biyu, wata guda, ko ƙurji ɗaya. Kumatu suka dawo. Ina lura da Iya tana satar kallonta, irin satar kallon da ni na saba yi.

Wata biyu cif, ranar jajibirin kasuwa, na tashi zan goya Dije mu tafi rafi sai na ji gidan ba ƙanshin suya. Na duba, babu kasko, babu turmin gyaɗa, babu Iya. Gwaggo Yalwa ta ce mini tun da asuba ta sa an kwashe su zuwa gidan wata ƙawarta a ƙarshen gari, can za ta riƙa yin sana'arta.

Da la'asar ta dawo. A zaure ta canza zane, ta bar na aikin a can. Ta ɗebo toka da sabulun salo, ta zauna a ƙofar ɗakina, ta wanke hannuwanta har gwiwa, ta zubar da ruwan ta sake, har sau uku. Ta sa tsinke ta bi ƙarƙashin farcenta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta miƙo mini hannuwan, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Asabe, shinshina."

Na durƙusa na shinshina. Na ce, "Ba ƙanshi, Iya."

Ta ce, "To, in kin yarda, miƙo mini Dije."

Na kwance goyo na miƙa mata. Ta rungume ta, ta dafa bayanta da tafin hannu, ta daɗe a haka. Ni ma ban tashi ba. Da aka jima sai ta juya yarinyar a cinyarta, ta ɗaga rigar da kanta, ta karkata ta wajen haske tana dubawa.

Ba shatin hannu. Sai tabon askar wanzami, guda tara, a jere. Iya ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ranar nan kin riga kin sani?"

Na ce, "Na sani, Iya."

Ta sauke rigar a hankali. Dije yau tana da jikoki, ba ta sake ɗanɗana gyaɗa ba, kuma tabon nan tara suna nan a bayanta.